Kwana Goma Sha Biyun da Na Ɗora wa Iska

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da sai an fassara muku rabin wannan da Larabci, akwai wata magana da kuka tashi kuna ji a gidanmu na unguwar Bab Makka a nan Jidda. An ce muku shekarar da na je tsibirin Farasan ɗauko Goggonku Mairo, iska ce ta tsare jirgi, shi ya sa muka makara. Ni na faɗi haka da bakina ranar da na dawo, na kuma yi ta maimaitawa har maganar ta zauna daram. To, ba iska ba ce. Duk kwanakin nan teku a kwance yake kamar ruwan randa. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni wuri ɗaya, ina so in wanke iska, in kuma wanke mutanen tsibirin, don na ji wani daga cikinku yana cewa wai su suka riƙe mu.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. A Sudan aka haife ni, a wani ƙauyen Hausawa na bakin kogi, inda iyayenmu suka yada zango suna noman auduga don neman guzurin Hajji. Ina da shekara tara, ƙanwata Mairo tana da shida, muka gangara Musawwa, a bakin teku, muka shiga sambuk, irin jirgin katakon nan mai filafilai. A tsakiyar teku iska ta ɗauke, ruwan sha ya ƙare, zazzaɓi ya kama Mairo. Ba ta kuka, ba ta komai, sai dai ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa." Inna kuwa ba ta da ko ɗigo. Da muka samu wani tsibiri aka tsaya ɗibar ruwa, mai jirgin ya ce ba zai ci gaba da yarinya mai zazzaɓi ba, sauran fasinja ma suka goya masa baya don tsoro. Wata mata da muka tarar a bakin rijiya ta miƙo hannu ta karɓe ta. Baba ya ce da an sauko daga Arfa za mu dawo. Baba bai ga ƙarshen shekarar ba, a Makka aka binne shi. Inna ta rage da ni, ba takarda, ba ɗan'uwa, ko sunan tsibirin ba ta sani ba.

Randar nan da kuke gani a ƙofar gida, wadda kuke cewa tana tare muku hanyar mota, daga nan ta samo asali. Tun muna ɗakin langa-langa Inna ta kafa ta, da moɗa a ɗaure, duk mai wucewa ya sha. In ta ga mutum da alamar ma'aikacin jirgi, sai ta tsare shi da Larabcinta mai karyewa tana tambayarsa yarinya mai tsaga uku-uku a kumatu. Abin da ke cin ta a rai shi ne kada a ce an sayar da yarinyar, don a lokacin ana jin irin wannan. Shekara ashirin da huɗu tana wannan tambaya.

Ni kuwa na tashi ɗan ga-ruwa. Sanda a kafaɗa, gwangwani biyu suna lilo, daga famfon unguwa zuwa benayen cikin gari, hawa huɗu hawa biyar, tun safe har la'asar. Gwangwanin farko na kowace rana na randar Inna ne. Ban taɓa sa takalmi ba. Tafin ƙafata ya yi kauri har ina taka guntun taba mai wuta in kashe ta don yara su yi dariya. Ina alfahari da ƙafafun nan fiye da yadda wani ke alfahari da gidansa, ina cewa mu jikokin waɗanda suka tako daga ƙasar Hausa ne, ba a koya mana tafiya. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kayar da ni.

Wata rana ina juye ruwa a kasuwar kifi, wani masunci ya tsura mini ido har na tsargu. Ya ce ya taɓa ganin mace mai irin tsagata sak, a wajen wani biki a tsibiran Farasan, amma bai san ƙauyensu ba. Na ajiye sanda a nan na ruga gida. A lokacin Inna ta riga ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, ido ya dushe, amma bakinta garau. Ta saurare ni har na gama, sannan ta lalubo hannuna.

"Haruna, ka je ka kawo mini ita. Magana ɗaya ce zan gaya mata. Ba na son in tafi da ita a bakina."

"Inna, ko ba ita ba ce fa?"

"Ita ce. Yalla, tashi, kada ka tsaya mini gardama."

Mahaifiyarku Rabi ta haɗa mini kaya, ta cusa wasu takalman roba da ta saya. Na zaro su na jefa ƙarƙashin gado.

"Malam, ka tafi da su. Ba ka san ƙasar mutane ba."

"Ƙasa ai ƙasa ce, Rabi. Wace ce ban taka ba?"

"To, halas, shi ke nan. Allah Ya tsare."

Kwana huɗu muka yi a bayan babbar mota cikin rairayi kafin mu kai tashar jiragen ruwa ta Jizan, daga nan na samu wani sambuk mai inji da ke jigilar kifi. Mun isa Farasan ranar Asabar da hantsi. Mai jirgin, wani siririn mutum mai jan gemu, ya riƙe hannuna kafin in sauka ya ce ranar Alhamis bayan la'asar zai tashi, in na rasa shi sai jirgin da ke kawo gari, shi kuma sai bayan kwana goma sha biyu. Na ce masa wannan ɗan tsibirin ai kafin Alhamis na zagaye shi sau uku.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Shimfiɗe take fara fat, dutsen murjani ne ko'ina, gidajen ma da shi aka gina su, wasu da zane a bango mai kyau kamar aikin ƙwarya. Ban ga mota ko ɗaya ba, ban kuma ga abin da zan kira hanya ba, sai sawu barkatai da suka watsu ta kowace fuska. A bakin rijiyar gari na tarar da wani dattijo mai suna Abkar yana shayar da jakuna. Kafin in gama sallama ya miƙo mini guga.

"Ka sha?"

Daga baya na gane haka suke. Ba a tambayar baƙo sunansa ko abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Da na sha na faɗa masa buƙatata, ya dubi fuskata da kyau, ya ce shi bai san ta ba, amma matan ƙauyen dabino ba abin da ke wuce su. Ya kwanto wani jaki fari mai yagaggen kunne ya miƙo mini igiya. Na yi dariya na ce masa a Jidda ni ne jakin, ni ke ɗaukar kaya, ba a ɗaukata. Sai ya kira ni da sunan da Larabawa ke kiran mutanenmu.

"Ya Takaruni, ba don ƙafarka na ba ka shi ba. Kai ba ka san hanya ba, shi ya sani. Hau ka sakar masa igiya, kada ka koya masa komai."

"In na isa fa, wa zai dawo maka da shi?"

"Shi zai dawo da kansa. Da can ma ba kai ka kawo shi ba."

Na laluba aljihu, ya kawar da kai kamar na yi abin kunya, sai na mayar da hannuna. Na hau ina jin nauyin kaina, ƙato da ni ƙafafu suna jan ƙasa. Jakin nan ya ɗauki hanya ba tare da na ce masa uffan ba. Inda sawu ya rabu uku bai ko rage tafiya ba. Wani wuri na ga kamar ya yi kwana mara dalili na ja igiya, ya tsaya cak ya ƙi motsi, da na duba gaba sai ga wani rami a cikin dutse, mai zurfin da zai haɗiye mu duka. Daga nan na kama kaina. Da rana ta take, ya ratse zuwa gindin wata ƙaya ya tsaya gaban wani faffaɗan dutse yana huci. Na ɗaga dutsen, sai ga ruwa mai sanyi a ƙarƙashi, da gwangwani a ɗaure da igiya. Ni da na yi shekara ashirin ina sana'ar ruwa, da ƙishirwa ce za ta kashe ni a kan wannan dutsen ban sani ba. Muna nan wasu barewa uku suka tsaya daga nesa suna kallonmu, ba su gudu ba.

Da muka shiga ƙauyen dabino ban buɗe baki ba aka fara cewa ga baƙon Abkar, don sun san jakin. Wani mutum ya riƙe shi na sauka, ya yanko ɗanyen ganyen dabino ya ɗaura masa a wuya, ya naɗe igiyar, ya juya shi ya ɗan dafa bayansa. Jaki ya kama hanyar gida shi kaɗai. Na tambayi ma'anar ganyen. Ya ce shi ne wasiƙarsu. In jaki ya koma da ɗanyen ganye, mai shi ya san baƙonsa ya sauka lafiya. In ya koma wuya wayam, to kafin a yi sallah ta gaba maza sun fita nema. Na daɗe ina kallon jakin nan yana ƙanƙancewa a cikin farin fili, abin ya burge ni ƙwarai. A Jidda in ka saki akuya ta kai bakin layi sai dai ka ji ƙamshinta a gidan wani.

Haka aka yi ta miƙa ni daga hannu zuwa hannu. Kowane ƙauye da jakinsa, kowane jaki iyakarsa ƙauye na gaba, ba ya wucewa. Ana tafiya da sanyin safiya, a kwanta da rana, a tashi bayan la'asar, kuma ba mai gaggawa. A masallaci ake sauke ni, a kawo gasasshen kifi da wata gurasar dawa mai ɗan tsami, wadda na ci na tuna ƙauyenmu na Sudan har hawaye ya zo mini. Maza su zauna da ni, mata kuma su aiko da tambaya daga bayan zana: shekarunta nawa, tsagar a tsaye take ko a kwance. In ka tambaye su nisan wuri ba sa ce maka awa kaza, sai su ce hantsi ɗaya ne, ko su ce sai ruwa ya sauka. A ƙauye na uku, ranar Talata da safe, wata tsohuwa ta leƙo da kanta ta dube ni, ta dafa ƙirji.

"Wannan ai fuskar Maryam ce, matar Ali masunci. Tana Sajid, ƙetaren mashigi."

Sajid wani tsibirin ne, ruwa ya raba shi da Farasan. Na yi lissafi a zuciyata: yau in ƙetare, gobe mu juyo, ba sauran tsayawa tambaya a ƙauyuka, jibi Alhamis muna bakin jirgi. Lokaci ya isa, har da saura. Amma tun da na ji sunan, wani abu ya shiga jikina, na ji ko minti ɗaya ba zan iya zama ba.

Jaki na huɗu ya sauke ni a bakin mashigi wajen azahar. Akwai wata rumfa, da raƙuma biyu a durƙushe, da wani tsoho baƙi siriri da ake kira Aƙili, wanda aikinsa ke nan ƙetarar da mutane. Ga Sajid can ina gani, kusa har ina iya ƙirga awakin da ke kiwo a bakin gaɓa. Ruwan kuma garai-garai, ana ganin ƙasa, ban ga ya wuce gwiwa ba. An kakkafa sanduna a cikinsa sun yi wani dogon lanƙwasa kamar baka. Tsohon ya ba ni ruwa na sha, ya zuba mini gahawa, ya ce in zauna.

"Ruwa yana shigowa yanzu. Bayan la'asar zai fita, raƙumi ya kai ka ko rigarka ba za ta jiƙe ba."

"Baba, wannan ɗan ruwan? A kafaɗa nake ɗaukar wanda ya fi shi."

"Zauna, ɗana. Wadda ta jira shekara ashirin za ta jira la'asar."

"Uwata ce ba za ta jira ba."

Sai ya ce in dai na ƙi ji, to in bi sanduna, kada in bar su ko da taki ɗaya. Na ɗaura ƙunshina a ka na shiga. Na bi sanda ta farko, ta biyu, ta uku. Sai na ga sun nufi dama can nesa, alhali ga gaɓa a gabana miƙe. Na ce a raina waɗannan mutane jaki ya lalata su, ba su san miƙaƙƙiyar hanya ba. Na bar sanduna na yanke. Ban yi taki ashirin ba yashi ya ƙare, na hau murjani mai rai, wanda ke yanka kamar fasasshiyar kwalba. Ƙafar da nake kashe wuta da ita ta tsage kamar gurasa. Na yi tsalle na sauka a kan wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya kamar bushiya, ƙayoyin suka shige tafin ƙafafuna biyu suka kakkarye a ciki. Kafin in dawo hayyacina ruwan gwiwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, yana ja na gefe da ƙarfin da ban taɓa zato ba. Ni kuwa ban iya iyo ba. Na kira sunan Allah, na kira Inna, na sha ruwan gishiri har na daina ganin gaɓa.

Abin da na sani kawai, wani abu ya damƙi wuyan rigata ya ɗaga. Tsoho Aƙili ne a kan raƙumi, ruwa har cikin dabbar, tana kuka tana turjewa yana lallashinta. Tun shigata ya ɗaura siridi, don ya san abin da zai faru. Ya kifa ni a gabansa kamar buhu, ya ƙarasa da ni Sajid don ta fi kusa. Ya sa ransa da raƙuminsa, abin da yake ci da shi ke nan, cikin haɗari saboda wani mai taurin kai da bai san sunansa ba. Da ya shimfiɗe ni a gaɓa ina amai, na jira faɗa. Bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu dai ka sha." Har ya mutu, an ce mini, bai ƙara tayar da maganar ba.

Kafin magariba ƙafafun sun kumbura sun yi kamar tulu, zazzaɓi ya rufe ni. An ce na yi ta surutu da wani yare da ba mai ji, sai wani ya ce a kira Maryam, ko yaren mutanensu ne. Ban san kwana nawa na yi ba. Na farka da hantsi a cikin wata bukka, na ji ana taɓa ƙafata. Wata mace ce zaune, da allura a hannu da ɗan kasko na man riɗi mai ɗumi, tana cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan ganye. Ta ɗago kai. Na ga tsaga uku a dama, uku a hagu, na ga goshin Inna da idon Baba.

"Mairo."

Allurar ta faɗi daga hannunta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi magana da Larabcin tsibiri.

"Tun da aka sauke ni ba wanda ya kira ni haka. Tana da rai?"

"Tana da rai. Ita ta aiko ni. Yau wace rana ce?"

"Asabar."

Na juya fuskata jikin zana na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba. Daga baya na ji ƙoƙarin da suka yi. Ranar Laraba sun so su ɗaura ni a gado a kan raƙumi, suka ga ba zan kai ba. Mairo ba za ta iya tafiya ita kaɗai garin da ba ta sani ba, mijinta kuma yana teku. Sai suka aika saƙo daga ƙauye zuwa ƙauye har bakin jirgi, mai jan gemun nan ya jira ni har hantsin Juma'a, kifinsa na neman lalacewa, sannan ya tashi. Ku gaya mini, waɗannan ne suka riƙe mu?

A kwanakin jinya Mairo ta ba ni labarinta. Matar bakin rijiya, sunanta Sa'ida, ba ta da 'ya mace. Ta yi jinyarta wata biyu, ta raine ta a ɗakinta, ta aurar da ita ga ɗan ƙanenta, da za ta rasu kuma ta bar mata itatuwan dabino bakwai kamar 'yar cikinta. Ba wanda ya sayar da ita, ba wanda ya taɓa kiranta baiwa. 'Ya'yanta huɗu. Ta ce shekarun farko duk ta hango filafilai sai ta ruga bakin gaɓa, Sa'ida ba ta hana ta, sai dai ta bi ta ta zauna tare da ita har jirgin ya wuce. Hausa kuwa ta gudu daga bakinta. Na gwada ta da gaisuwa, da ƙirga, da sunayen abinci, ba ko ɗaya. Kalma biyu suka rage mata, Inna da ruwa. Da mijinta Ali ya dawo ya ji, bai ce komai ba sai, "Uwa ce. Ki je." Ya tafi ya yanko tsohuwar tayar da yake ɗaurawa a gefen kwalekwalensa ya yi mini takalmi da hannunsa.

Ranar da za mu koma, muka zauna a bakin mashigi muka jira ruwa ya fita, ina zaune kamar ɗan makaranta. Aƙili ya ɗora mu a raƙuma ya bi sandunan nan masu lanƙwasa. Ruwan bai kai gwiwar raƙumi ba. Kafin mutum ya cinye kwanon tuwo mun ƙetare. Abin da na ƙi jira ke nan, tsakanin azahar da la'asar. Muka sake bin jakunan nan ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙauye an fito ana kallon Maryam za ta ga uwarta, wannan ta ba da dabino, wannan busasshen kifi, a kai wa tsohuwa. Da muka iso rijiyar gari, inda na fara haɗuwa da Abkar, Mairo ta tsaya ta ce a nan ne aka karɓe ta. Ni ban gane wurin ba, ita ta gane. Ta ja guga da kanta ta cika wata 'yar salka, ta rungume ta. Duk wahalar jirgi da ta mota, ko da ƙishirwa ta dame mu, ba ta bari an taɓa salkar nan ba.

Mun shigo Bab Makka da hantsi. Rabi tana bakin ƙofa tana wanke moɗar randa. Ta dubi Mairo, ta dube ni, sannan ta sauke ido kan ƙafafuna da ke naɗe da tsumma cikin takalmin taya.

"Bakinta ya rufe yau kwana shida. Har ranar tana tambaya ko kun iso. Me ya tsare ku, Malam?"

"Iska ce. Iska ta hana jirgi tashi."

Rabi ta kauce ta ba mu hanya. Ta ga ƙafafun, ba yarinya ba ce, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tona ni ba. Da maƙwabta suka taru na sake faɗar haka da Larabci, Mairo na zaune tana ji, ita ma ta sunkuyar da kai. Ku yi lissafin da kanku, ni na yi shi sau dubu. Da na zauna na sha gahawar tsohon nan, da Inna ta samu kwana shida tana magana da 'yarta.

Mun same ta a kwance, ido a buɗe ba ya gani. Rabi ta ce kwana biyu ke nan ko ruwa aka kai bakinta sai ta datse haƙora. Mairo ta durƙusa, ta ɗauki hannun Inna ta ɗora a kumatunta. Yatsun suka yi ta lalube, suka sami tsagar, suka bi ta ɗaya, biyu, uku, suka ƙetara ɗaya kumatun suka sake bi. Sai bakin Inna ya fara motsi. Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi ƙoƙari, jijiyoyin wuyanta duk suka tashi, amma ko sauti bai fito ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon maganar da aka aike ni dominta tana makale. Mairo ta kwance bakin salkarta, ta karɓi cokali a hannun Rabi, ta tallafo kan Inna a cinyarta.

"Inna, ruwa."

Inna ta buɗe baki. Ta sha cokali uku, na ƙirga. Washegari bayan azahar ta cika, kanta a cinyar Mairo.

Goggonku ta yi kwana arba'in da mu ta koma wurin 'ya'yanta, kuma ni na raka ta har Sajid, da takalmi a ƙafata. A bakin mashigi, muna jiran ruwa ya fita, na ce mata ta yafe mini, na hana ta jin maganar uwarta. Ta ce ita ta ji, ba sai da murya ba. Wataƙila ta ji ɗin. Mutanen can sun iya sauƙaƙa wa baƙo kaya, kuma ita ta zama tasu. Amma ni ban ji ba, kuma ban san mece ce maganar ba sai dai zato, ga shi na kusa zuwa inda zan tarar da mai ita.

Saboda haka abu biyu nake roƙonku. Randar ƙofar gida kada a ɗauke ta, ko da mota za ta kwana a titi. In kuma kun ji wani a cikin dangi ya sake cewa iska ce ta tsare jirgi, ku ce masa a'a, Baba ya rubuta da hannunsa, an ce masa ya zauna zuwa la'asar ne ya ƙi.